Waziri ko firaminista? Amsoshin wannan makon

Wani bawan Allah daga Agege ya ce yana rubuta ƙagaggen labari, ya ƙirƙiri wata ƙasa mai sarki amma tsarin mulki ya ɗaure sarkin, gwamnati na hannun firaminista. Wai ko ya kira shi Waziri kawai tunda ya fi daɗi a bakin Bahaushe?

Toh malam, kar ka soma. Waziri daga Larabci muka aro ta tun fil azal, kuma waziri sarki ne ke naɗa masa rawani, in sarki ya juya masa baya shikenan sai ya tattara. Gidado ɗan Laima duk iliminsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa wazirci. Shi kuwa firaministan irin ƙasar taka ƙafarsa a majalisa take, jam'iyyarsa ce ke da rinjaye, shi ke zaɓo ministoci, gwamnatinsa ke kawo kasafin kuɗi, sarki nasa sa hannu da karɓar jakadu da buɗe majalisa, ran da 'yan majalisa suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa ko sarki na sonsa kamar me ba zai cece shi ba. Ba ma sai ka je Ingila ko Japan ba, a nan Legas aka yi. Daga 1960 zuwa 1963 Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasar Najeriya a takarda, Azikiwe ya wakilce ta a matsayin Gwamna Janar, amma Abubakar Tafawa Balewa ke riƙe da gwamnati. Ka taɓa jin an ce masa Wazirin Sarauniya? Ka bar wa sarkinka wazirinsa a fada, ka ba firaminista ofishinsa, rigimar da za su yi ma ta ishe ka babi uku.

Tunda an tsokano ni bari in faɗi wadda ke ci min tuwo a ƙwarya. Shekaranjiya a teburin mai shayi a Obalende, ga dandalin Tafawa Balewa (TBS) can ba nisa, wani matashi da ƙatuwar waya yana ta buga tebur wai Sardauna "firaministan Arewa" ne. Sai da na ajiye kofi. Haba! Sardauna Firimiya ne, tun 1954, Firimiyan Jihar Arewa. Firaminista ɗaya tal aka taɓa yi a ƙasar nan. Kakanninmu da ba su shiga aji ba ba su taɓa cakuɗa su ba, sai mu masu data.

Wata daga Idi-Araba: firaminista ko firayim minista? Duka ana rubutawa, ni ta farkon nake so.

Mai tambaya daga Mile 12 kan bambancin sarauta da mulki: sarauta rawani ce da gado, mulki kuwa iko ne. Wanda aka ba suna aka hana shi iko shi ne jeka-na-yi-ka, amma kar ka faɗa a gaban dogari.

Sai wanda ya tambayi "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", wai ko dimokuraɗiyya ce ta kawo shi. A'a, ya girme ta a ƙasar Hausa, taron dangi ake nufi.