Ku Tambaya: Korona da Ma'aikatan Kai Kaya

Tambaya: Ƙanena yana aikin kai kaya gida-gida a Amurka. Wai me kamfanonin nan suka yi wa ma'aikacin da ya kamu da korona? Hajiya, daga Zariya.

Amsa: Hajiya, kowane kamfani da nasa salon, amma mu ɗauki Amazon. A watan Maris na 2020 ya ce duk wanda ya kamu ko aka killace shi zai samu albashin mako biyu yana gida. Daga baya aka fara auna zafin jiki a bakin ƙofa, ana raba takunkumi. A Oktoba kamfanin ya bayyana cewa ma'aikatansa 19,816 a Amurka sun kamu ko ana zaton sun kamu.

Ma'aikata dai ba su gamsu ba. A New York, wani ma'aikacin Amazon mai suna Christian Smalls ya jagoranci zanga-zanga aka sallame shi. Kamfanin ya ce dokar killacewa ya karya. A Faransa sai da kotu ta sa baki kan kare lafiyar ma'aikata a watan Afrilun 2020, Amazon ya rufe rumbunansa shida na ɗan lokaci.

Ni abin da ya fi damuna shi ne direbobin 'yan kwangila, waɗanda galibi ba sa cikin wancan lissafi na waɗanda suka kamu. Ki tambayi ƙanenki, Hajiya: kamfanin ne ya ɗauke shi, ko ɗan kwangila?