Kada ki yaye shi kafin tafiyar, kada kuma ki ba shi maganin barci

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce a watan Disamba za ki tashi daga nan Zariya zuwa wurin maigida da ke karatu a Alƙahira, ke kaɗai da yaronki, wanda a lokacin zai kasance ɗan shekara ɗaya da wata goma, kuma wata uku za ku yi. Kina tambaya ko ki yaye shi kafin tafiyar don ki huta da rigimar nono a cikin mutane, da kuma ko ki ba shi Piriton ya yi barci, kamar yadda wata ta ba ki shawara. Duka biyun amsata a'a ce. Na yi tafiya a jirgi da nawa suna waɗannan shekarun, cikin gida da ƙasar waje, kuma da gaske nake roƙonki ki saurari dalilina.

Nonon nan da kike son rabuwa da shi, shi ne babban abin da zai taimake ki a sama. Jirgi yana tafiya ne a nisan kilomita 10 zuwa 11 daga ƙasa, iskar da ke cikinsa kuma ana daidaita ta ne ta yi daidai da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. To lokacin tashi da lokacin sauka, nauyin iskar yana canzawa da sauri. Akwai wata siririyar hanya tsakanin cikin kunne da maƙogwaro, ita ke buɗewa ta daidaita iskar da ke bayan dodon kunne, kuma haɗiya ko hamma ce ke buɗe ta. Mu manya mukan haɗiyi yawu mu ji kunne ya yi ɗas ya buɗe. Ta yaro ƙarama ce, ba ta buɗewa da sauƙi, kuma ba za ki ce masa ya haɗiyi yawu ya gane ba. Zafi kawai zai ji, ya fasa kuka. Yaron da yake tsotso kuwa haɗiya yake yi ba tsayawa, ga shi a jikin uwarsa, ga ɗumi, ga ƙamshin da ya saba. Idan kika yaye shi mako biyu kafin tafiya, kin haɗa masa kewar nono da baƙon wuri da baƙin fuskoki da ciwon kunne a rana guda. Ki bari ku isa, ya saba da babansa da gidan, sai ki yaye shi a tsanake, ko ki bari sai kun dawo a kai shi wurin kakarsa kamar yadda aka saba. Maganar kunya kuwa, babban hijabi ya wadatar. Ki nemi kujerar gefen taga, ki juya kaɗan, babu wanda zai san abin da ake ciki.

Sauka ta fi tashi wahalar da kunne, nan ne iyaye da yawa suke shan mamaki. Jirgi yakan fara gangarowa kamar rabin awa kafin ya taɓa ƙasa, tun kafin a yi sanarwa ma za ki ji kunnenki ya fara toshewa. Daga nan za ki fara ba shi. Idan barci yake yi, ki tashe shi a hankali, don mai barci ba ya yawan haɗiya. Na san tashin yaron da aka sha wuya kafin ya yi barci yana da ciwo a rai, amma gara ya farka a hannunki yana tsotso da ciwon kunne ya farkar da shi. A wurin tashi kuma kada ki yi gaggawar ba shi tun ana rufe ƙofa. Jirgi yakan daɗe yana zagaye a ƙasa, sai ya ƙoshi ya saki kafin a tashi. Ki jira sai kin ji injin ya ɗau ƙara jirgin ya fara gudu.

Maganin barci kuwa, don Allah ki cire shi daga ranki. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, barcin da yake sawa illarsa ce, ba aikinsa ba. Kuma a wasu yaran akasin haka yake yi, maimakon su kwanta sai su birkice, su yi ta fizge-fizge da kuka ba lallashi, ke kuma kina sama babu inda za ki kai shi. Phenergan da wasu ke ambata ya fi haɗari, an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya rage masa numfashi. Ki tuna a cikin jirgi iskar da ake shaƙa ta riga ta ragu. Ni abin da nake ɗauka kawai shi ne farasitamol na yara da sirinjin awonsa, ko zazzaɓi ko ciwo zai taso, shi ma bisa awon da likita ya faɗa. Idan mura ta kama shi gab da tafiya, wanda a sanyin Disamba na Zariya ba abin mamaki ba ne, ki kai shi a duba masa kunne, don majina tana toshe waccan hanyar. In kuma yana da sikila, to wannan ba shawarar mu mata ba ce a nan. Ki je wurin likitansa, ko a asibitin koyarwa na Shika ko inda kuke zuwa, tun da sauran makonni, domin ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, kuma duka ukun suna cikin jirgi.

Abin da zai sa shi barci na gaskiya shi ne yadda kika tsara ranar, kuma mu 'yan Zariya tafiyarmu ba a filin jirgi take farawa ba. Muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tun 1964, kullum ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi a kan Palladan da Samaru, amma jirgin fasinja sai Kano ko Kaduna ko Abuja. Ke Kano za ki je, kimanin kilomita 150. Ki lissafa: mota daga Kwangila, a bi Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Kura, a shiga cunkoson Na'ibawa, a ratsa gari zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Sannan jirgin ƙasar waje ana son ki isa awa 3 kafin tashi. Sannan tafiyar kanta, awa huɗu da wani abu in kai tsaye ne. Yaron da ya yi duk wannan a yini ɗaya, kafin ya ga jirgi ya gama gajiya, ya yi barcinsa a mota, ya shiga jirgi ido biyu da fushi. Idan kina da inda za ki sauka a Kano, ki tafi tun ana gobe ku kwana. Wa a Zariya ba shi da ɗan'uwa a Kano? Ya yi wanka, ya ci abincin gida, ya huce gajiyar mota. A filin jirgi kuma kada ki goya shi yana ta barci a bayanki. Sauke shi ya yi ta tafiya a ɗakin jira, ki bi shi, ku je bakin gilashi ya kalli jirage. Gajiyar ƙafa ita ke kawo barci mai daɗi.

Ki sa a ranki cewa Disamba lokacin hazo ne. Idan ƙura ta rufe sararin Kano, jirage sukan yi jinkiri, wani lokaci har a ɗaga tafiya. Saboda haka jakar hannunki ki shirya ta kamar za ku yi ninkin lokacin da ke kan tikiti. Famfas fiye da lissafinki, tishu mai laima, ledoji na saka abin da ya ɓaci, kayan canjinsa kala biyu, da naki ma riga ɗaya da hijabi, don amai ba ya zaɓen inda zai sauka. Rigar sanyi da safa da hula, jirgi akwai sanyi, kuma Alƙahira a Disamba da Janairu sanyinta ba wasa ba ne. Dokar ruwa a jakar hannu ita ce kada mazubi ya wuce mililita 100, amma ana ɗaga ƙafa ga madara da abincin yaro in yaron yana tare da ke. Ki fito da su a fili wurin bincike, za su iya cewa ki buɗe su duba. Ni kunun gyaɗa nake damawa a ƙaramin filas, da ayaba, da biskit marar zaƙi sosai, da dabino mai laushi da na cire wa ƙwallo na yayyanka. Kada ki ba shi gyaɗa ko aya ko alewa mai tauri, ɗan wannan shekarun yana iya shaƙewa da su, balle jirgi yana girgiza. Ki riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, iskar jirgi busasshiya ce ƙwarai, ke ma mai shayarwa ki sha. Kada ki dogara da abincin jirgi, sau da yawa yaron da ke kan cinya ba a lissafa shi da faranti sai an nema tun wurin sayen tikiti.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma shi ya fara zuwa raina da na ga shekarunsa. Kamfanonin jirgi suna ɗaukar yaron da bai cika shekara 2 ba a matsayin jariri, ya zauna a cinya, a biya masa kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin babba a tafiyar ƙasar waje. Ranar da ya cika 2 kuwa dole ya samu kujerarsa, kuɗin kuma ya tashi sosai, yawanci kusan kashi 75. Naki zai cika shekara biyu kuna can. Idan tikitin zuwa da dawowa za ku saya, ku faɗa wa mai sayarwa ranar haihuwarsa ƙarara, a yanka masa na dawowa da kujera. Kada a bari sai ranar dawowa a tsayar da ke a kanta ana neman ciko da kuɗin waje. In da hali ma, ki saya masa kujerar tun a zuwa. Yaro mai kilo 11 ko 12 a cinya awa huɗu aiki ne, kuma ya fi aminci a ɗaure a kujerarsa idan jirgi ya shiga gargada. In babu hali ba laifi, haka yawancinmu muka yi. Ki roƙi masu duba tikiti, in jirgin bai cika ba, su bar miki ta kusa da ke babu kowa.

Takardu kuma ki fara yanzu. Yaro fasfonsa daban, bizarsa daban. Kafin fasfo sai an yi masa lambar NIN, ga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ga takardar amincewar iyaye. Tunda ke kaɗai za ki fita da shi, maigida ya rubuto wasiƙar yarda da sa hannunsa, haɗe da hoton shafin fasfonsa, ki buga a takarda ki riƙe, kada ki bar su a waya kawai. Allurar rigakafin zazzaɓin shawara da aka yi masa yana wata 9 tana cikin katin rigakafinsa, amma ba shi ake nunawa a filin jirgi ba. Katin nan mai ruwan ɗorawa ake nema, wanda jami'an lafiya na tashoshin shiga da fita suke bayarwa, naki da nasa. Ki je da katin asibitin, ki kuma tambaye su batun ɗigon shan inna, don ana neman shaidarsa daga matafiyan Najeriya a wasu ƙasashe. Duk takardun nan ki sa su a ƙaramar jaka mai rataya a wuya, ƙarƙashin hijabi, hannuwanki su zama na yaro.

Zanin goyo ya fi keken turawa amfani ga mace ita kaɗai. Da shi za ki bi layi, ki ja akwati, ki hau matakala. Sai dai a cikin jirgi ba za a bar shi a goye ba lokacin tashi da sauka. Za ki kwance shi ki ɗora a cinya, ma'aikatan su ba ki ƙaramin bel da ake sarƙafawa a naki. Ba za su zaunar da ke a layin ƙofar gaggawa ba, kada ki ji haushi, doka ce. Idan an zo raba shayi kuma yana jikinki, ki haƙura da shi, hannun yaro ya fi ido sauri. In fitsari ya matse ki, ki miƙa shi ga ma'aikaciyar jirgi ko wata uwa a kusa, kada ki cuci kanki. A banɗakin akwai allon da ake saukewa a canza wa yaro famfas, ki canza masa kuma gab da shiga jirgi.

Na wasa, ba sai kin kashe kuɗi ba. Ɗan abu biyu ko uku da bai taɓa gani ba, marasa ƙara, ki riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, kada ki zube masa gaba ɗaya. Ƙaramin littafi mai hotuna, kofin roba da murfi, 'yar mota. Waya ki ajiye ta sai komai ya ƙare, ki sauke masa abin kallo tun a gida don babu intanet a sama. Tun yanzu kuma in jiragen kwaleji sun wuce ki riƙa nuna masa, kina ce masa za ku shiga babba ku je wurin Abba. Suna fahimta fiye da yadda muke zato.

Duk da haka zai iya yin kuka, kuma ina so ki shirya wa wannan a zuciyarki. Abin da ya fi karya uwa a jirgi shi ne idon mutane, sai ta rikice, ta fara jijjiga yaro da ƙarfi tana yi masa tsawa, shi kuma ya ji jikinta ya canza ya ƙara. Yawancin waɗanda ke jirgin Kano iyaye ne, har da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti da 'yan Umara, sun san kukan yaro. Idan fitilar bel ta mutu, ki tashi ki saɓa shi a kafaɗa, ki yi ta kai da komo a tsakanin kujeru kina yi masa waƙar da kike yi masa a gida. Idan lokacin sauka ne ya ƙi nonon ya ƙi ruwa, ki rungume shi ki bar shi ya yi, kukan ma yana buɗe kunnen.

In kun sauka kada ki shiga turereniyar fita. Ki bari mutane su ragu, ki goya shi da kyau, ki duba ƙarƙashin kujera don takalmi da fida. Lambar maigida ta can da adireshin gidan ki rubuta su a takarda, saboda layinki na nan zai iya ƙin aiki, kuma jami'an shige da fice sukan tambayi inda za ki sauka. Ki ce masa ya zo da bargon yaro da abinci mai ɗumi, ya kuma tsaya daidai ƙofar fitowa. Allah ya kai ku lafiya, ya raya mana shi.