Tambayi Likita: Kare Kai Daga Rauni da Agajin Gaggawa

Tambaya: Likita, ni ɗan acaɓa ne. Kwanakin baya ma'aikatan asibiti sun zo tasharmu suna yi mana bayani a kan hular kwano. Shin wannan aikinku ne, ko na jami'an kiyaye haɗurra?

Amsa: Ɗan'uwa, aikinmu ne ƙwarai. A sashen da muke karɓar waɗanda suka ji rauni, muna rubuta inda kowane haɗari ya faru, da lokacinsa, da abin da ya jawo shi. Idan ma'aikaciyar jinyar da ke kula da wannan littafi ta lura cewa mahaɗar hanya ɗaya ce take ta turo mana mutane, sai ta kai maganar ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da shugabannin ƙungiyarku, da masu unguwa da limamai, domin su ne jama'a ke jin maganarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Na sha karɓar matashin da hularsa ke rataye a hannun babur lokacin da ya faɗi, mahaifiyarsa tana zaune a bakin ƙofa tana jiran ya buɗe ido. Ƙashin da ya karye muna iya gyarawa, amma ƙwaƙwalwa ba a yi mata ɗori. Ka sa hular, ka kuma ɗaure igiyarta a haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya taɓa ƙasa.

Tambaya: Idan haɗari ya faru a gabana, mene ne ya kamata in fara yi?

Amsa: Malam, ka fara tsayar da motoci masu tahowa, sannan ka kira lambar agajin gaggawa ta Najeriya, 122 ko 112. Kada a kama hannu da ƙafa a jefa mutum cikin mota, domin idan ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ɗaukar ce za ta shanye masa jiki. A kwantar da shi a kan allo, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Kada a ba shi ruwa, ko da ya roƙa, saboda yana iya shaƙe shi, kuma wataƙila tiyata ke jiransa.

Tambaya: Ruwan zafi ya zubo wa ɗiyata a cinya, maƙwabta suka ce in fasa ƙwai in shafa. Daidai ne?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa, amma ba daidai ba ne. Ƙwai da man goge baki da manja suna shigar da ƙwayoyin cuta cikin ƙuna. A riƙa kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har tsawon minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a fasa bororon. Idan ƙunar ta fi tafin hannunta girma, ko ta taɓa fuska, hannu ko gabanta, ki kai ta asibiti a ranar. A lokacin hunturu muke yawan ganin irin wannan, shi ya sa muke bin makarantun Islamiyya na matan aure muna roƙon a daina ajiye tukunyar ruwan wanka a tsakar gida inda yara ke rarrafe.