Tambaya da Amsa: Taswirar kwamfuta ta isa hujjar cewa akwai kwal a ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina harkar tifofi a nan Legas. Wasu abokan hulɗa sun nemi in zuba jari a wani filin haƙar kwal a Jihar Kogi, har sun nuna mini taswira mai launuka a kwamfuta, wadda suka ce ta auna yawan kwal ɗin da ke ƙasa. Ta yaya kwamfuta take sanin abin da ido bai gani ba, kuma zan iya dogara da ita?
Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwamfuta ba ta ganin ƙarƙashin ƙasa. Abin da aka ba ta shi take lissafi a kai. Aikin yana farawa ne da huda ramukan gwaji irin na rijiyar burtsatse, a zaro dutsen da injin ya yanko, dogo kamar rake, a jera shi cikin akwatuna, a auna zurfin da aka tarar da shimfiɗar kwal da kaurinta. Daga nan sai a kai samfur ɗakin gwaji domin sanin yawan toka da danshi da farar wuta da ke ciki, da kuma irin zafin da yake bayarwa idan an ƙona shi.

Waɗannan alƙaluma ake zuba wa manhajoji irin su Surpac ko Vulcan, su rarraba filin zuwa ƙananan gidaje, su kintata abin da ke tsakanin rami da rami. Ɗaya daga cikin hanyoyin kintatawar ta samo sunanta daga Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu. Tushen lissafin ba shi da wuya: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, idan kaurin shimfiɗar mita 2 ne, kuma kowane dunƙulen kwal mai tsawo da faɗi da kaurin mita ɗaya yana da nauyin tan 1.4, to akwai tan 28,000. Amma idan kaurin ya ragu zuwa mita 1 a wurin da ba a huda ba, rabin dukiyar ya tafi alhali launin taswirar bai canja ba.

Saboda haka, abin da nake so ka fara tambaya shi ne ramuka nawa aka huda, kuma mece ce tazarar da ke tsakaninsu. Ƙa'idar JORC ta Ostireliya kan yadda ake bayyana yawan ma'adini, wadda masu zuba jari suke girmamawa, ta kasa ma'adini gida uku: wanda aka auna sosai, wanda alamu suka nuna, da wanda ake hasashe kawai. Ka nemi a faɗa maka a wane gida naku yake, domin ba a gina tsarin haƙa a kan na ukun.

Abu na biyu ya shafi sana'arka kai tsaye, wato yawan ƙasar da katafila za ta kwashe kafin a kai ga tan ɗaya na kwal. Manhaja mai kyau tana nuna wannan, da inda za a fara yanka, da hanyar da tifofi za su bi, da wurin zubar da ƙasa nesa da rafin da jama'a suke sha. Kada a manta da ruwa. Kwal ɗin Inugu, wanda aka gano a 1909 kuma tashar lantarki ta Ijora a nan Legas ta taɓa ƙonawa, ruwa mai tsami da ke cika ramuka ya daɗe yana wahalar da masu haƙarsa.

Kogi tana da kwal, musamman a yankin Okaba, amma wannan bai tabbatar da filinku ba. Ka duba lasisin a ofishin rajistar haƙar ma'adinai da ke Abuja, sannan ka biya masanin duwatsu mai rajista da hukumar COMEG mai rajistar injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu a Najeriya, wanda ba shi da kaso a cinikin, ya je ya ga akwatunan samfurin da idonsa, ya gwada su da alƙaluman da aka shigar a kwamfutar.