Zauren Tambayoyin Gida: Jera Hotunan Iyali a Bangon Matakalar Bene

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mun tare a sabon gidanmu mai bene a Kaduna bayan ƙaramar Sallah, kuma bangon da ke gefen matakala dogo ne, fari fat, babu komai a jikinsa. Ina da hotunan iyali masu yawa, na aurenmu da na yara, da wasu tsofaffi baƙi da fari na iyayenmu waɗanda babu mai irinsu a dangi sai ni. Ina son in sa su a firem in jera su a bangon, amma ina tsoron su fito a karkace ko in ɓata fenti da ramuka, kuma maigida ya ce bai tabbatar da halaccin rataya hoto ba. Mu biyu ne a gidan da abokiyar zamana, matakalar kuwa ta kowa ce. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa a zauna lafiya. Zan fara da maganar maigida, domin ita ce mafi nauyi a cikin wasiƙarki, kuma bai kamata a buga ƙusa ko ɗaya ba kafin a warware ta. Shakkarsa tana da tushe, domin hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura. Malaman Malikiyya, waɗanda akasarinmu muka tashi a kan mazhabarsu, sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, wato cikakken gunki, wadda suka haramta, da zanen da yake shimfiɗe a kan takarda ko bango, wanda suka ɗauke shi makaruhi idan an ɗaukaka shi. Da kyamara ta zo sai saɓanin ya ƙaru. Sheikh Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya yi muftin Masar ya kuma rasu a 1935, ya halatta hoton kyamara bisa hujjar cewa kama inuwar mutum ne kawai, kamar yadda madubi ke yi. Sheikh Ibn Baz ya hana shi sai da larura, shi kuwa Sheikh Ibn Usaimin, duk da ya sassauta a kan ɗaukarsa, ya hana rataya shi a bango. Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne, don haka shawarata ita ce maigida ya kai tambayar ga malamin da ya amince da iliminsa, ku kuma tsaya a kan abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Idan ya ce a'a, bangon bai zama asara ba, domin kina iya sa a zana muku salsalar zuri'a da sunayen kakanni cikin kyakkyawan rubutu, ki haɗa da hotunan tsohon gidanku na gado da gonar iyali da ƙofar garinku waɗanda babu mutum a ciki, kuma duk abin da zan faɗa a ƙasa zai yi miki aiki daidai.

Idan ya amince, abu na gaba shi ne abokiyar zamanki, kuma ina roƙonki ki ɗauki wannan da muhimmanci. Bangon da kowa ke wucewa ta gefensa safe da yamma yana gaya wa baƙo su wane ne masu gidan, kuma yaron da ya hau bene kullum bai ga fuskarsa a cikin 'yan'uwansa ba zai riƙe abin a ransa ko da bai furta ba. Ki same ta ku zaɓi hotunan tare, 'ya'yanta da naki su samu wuri daidai da firem masu girma ɗaya, iyayenta ma su shiga kamar yadda naki za su shiga. Hoton aurenki ya fi dacewa da ɗakinki. Babban hoton da zai zauna a tsakiya ya zama wanda ya haɗa kowa, kamar na mahaifan maigida, ko na yaran gidan duka cikin kayan Sallah. Ki tuna kuma mai gyaran wuta da mai famfo da abokan samarin gida duk za su bi ta nan, saboda haka hoton da mace take ba mayafi, ko wanda mai shi ba za ta so baƙon namiji ya gani ba, ya zauna a albam. Ƙannen miji da sauran dangi kuwa a tambaye su kafin a rataya nasu.

Tsofaffin hotunan iyayenki kada su hau bango ko kaɗan. Abin da ake ratayawa kwafi ne. Hasken rana yana cin launin hoto a hankali, kuma tagogin matakala galibi dogaye ne marasa labule, musamman idan suna fuskantar yamma. Ki kai su situdiyo a yi musu sikanin mai kyau, ki ce a sa ma'aunin kaifin hoto, wato dpi, a kan 600 domin a iya faɗaɗa ƙaramin hoto ba tare da ya dushe ba, ki tsaya a wurin har a gama ki karɓi abinki a hannu. Kada ki yarda a manne su da leda mai zafi irin ta takardun makaranta, domin zafin da gam ɗin suna lalata hoto kuma ba a iya cire ledar daga baya. Ki ajiye na asalin a ambulan, da farar takarda mai tsabta tsakanin kowane biyu, cikin akwatin da danshi ba ya kai wa. Hotunan da ke cikin waya ma suna da nasu tarkon. Wanda aka turo miki ta WhatsApp a hanyar da aka saba an riga an matse shi, a fuskar waya zai yi kyau, amma da an wanke shi a inci 8 da 10 sai fuskoki su fito dishi-dishi. Ki nemi wanda ya ɗauka ya sake turo shi a matsayin dokumen, ko ki kai wayar da aka ɗauka da ita situdiyon.

Game da firem, ki tsaya a kan launi ɗaya ko biyu, baƙi da ruwan ƙasa misali, ki bar bambancin ya fito daga girma, inci 5 da 7 ga ƙanana, 8 da 10 ga matsakaita, da babba guda ɗaya ko biyu. Firem mai kaurin baki da ado na zinare ya fi dacewa da falo. Matakalar yawancin gidajenmu faɗinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ta nan ake hawa da katifa da akwati da bokitin ruwa ranar da famfo ya ɗauke, don haka abin da ya turo daga bango fiye da santimita 2 zuwa 3 kafaɗa za ta riƙa dukansa. Ki sa mai haɗa firem ya saka farin kwali a kewayen hoton, wanda ban da kyan da yake ƙarawa yana hana fuskar hoto taɓa gilashi, domin da damina danshi yana manne su har ba a iya raba su sai hoton ya ɗaye. Tun da akwai yara a gidan, na fi son roba mai gani a maimakon gilashi a duk inda hannunsu ke kaiwa. Gaskiya ne tana jan ƙura da hunturu kuma tana saurin karcewa, amma wannan ya fi fasasshen gilashi a kan matakalar da yara ke sauka da gudu ba takalmi.

Yanzu ga abin da kika fi tsoro, wato karkacewa. Sirrin aikin zare ɗaya ne. Ki tsaya a matakin ƙasa, ki auna santimita 145 daga bakin matakin zuwa sama, ki ɗiga alama da fensir. Wannan tsayin shi ne wanda gidajen nuna zane-zane suka saba sa tsakiyar hoto a kansa, domin ya yi daidai da idon mutum matsakaici. Ki yi haka a matakin ƙarshe na sama, sannan ki ja zare tsakanin alamun biyu ki manne shi da salatif. Zaren zai hau daidai da yadda matakalar ke hawa, kuma tsakiyar manyan hotunan a kansa za ta zauna, ƙananan kuma su bi sama da ƙasansa. Jerin ne yake hawa a karkace, amma kowane firem a tsaye yake cak, kuma ma'aunin magina mai ɗigon ruwa shi zai tabbatar miki da haka. Ki bar tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakanin firem da firem, ki riƙe tazarar da kika zaɓa daga ƙasa har sama, domin ido yana yafe bambancin girma amma ba ya yafe bambancin tazara. Idan akwai ƙarfen dafa hannu a jikin wannan bangon, ƙasan hoto mafi kusa da shi ya ɗara shi da kamar santimita 20, don hannun mai hawa ya wuce.

Kafin a huda ko'ina, ki yanka tsofaffin jaridu daidai girman kowane firem, ki rubuta lamba a kan takardar da bayan firem ɗinta, ki kuma ɗiga alamar inda maratayin yake. Ki manna su a bango da salatif na takarda, wanda ba ya ɗebe fenti, ki bar su kwana biyu ko uku. Ki dube su daga falo, ki dube su daga sama kina saukowa, da rana da kuma dare an kunna fitila, ki kira abokiyar zamanki da maigida su ma su gani. A nan ne ake gane cewa babban hoton ya fi kyau a shimfiɗar tsakiya inda matakala ke juyawa, domin nan ne kaɗai mutum yake iya tsayawa ya duba da kyau ba tare da ƙafarsa tana kan mataki biyu ba. Sai kowa ya gamsu za a huda ta cikin takardar, a daidai alamar da kika ɗiga.

Hudar kuwa aikin kafinta ne ko mai wuta, ba naki ba, domin tsani ba ya zama daidai a kan matakala. Bangonmu bulo ne mai rami a ciki da filasta a kai, kuma ƙusar kankare sau da yawa takan ɓantare filasta ta bar tabo mai faɗi. Gara a yi amfani da injin huda mai baki milimita 6, a cusa robar da masu aiki ke kira fisha, a ɗaura sukuru. Kowane firem ya samu marataya biyu, hagu da dama, domin mai marataya ɗaya yana juyawa duk lokacin da aka goge shi ko aka buga ƙofa da ƙarfi. Akwai hatsarin da nake so ki kula da shi sosai. Matakala tana da makunnin wuta a ƙasa da sama, wayoyinsu kuma a binne suke cikin bango, galibi suna tafiya a miƙe daga makunnin zuwa sama ko zuwa gefe. Kada a huda a kan waɗannan layukan, a kashe wutar gidan kafin a fara, kuma tun da gidan sabo ne, wanda ya yi muku wayarin zai iya nuna inda ya bi da su. Idan banɗaki ne a bayan bangon, a tambayi mai famfo shi ma. Ki duba kuma ko bangon ya gama bushewa, domin sabon gini yana daɗewa yana fitar da danshi, kuma idan kin ga fenti yana kumbura ko farin gari yana fitowa, ki dakata har a gyara. Ɗan guntun roba a kusurwoyin ƙasa na bayan firem yana barin iska ta ratsa, ya kuma hana shatar firem fita a jikin fenti. Wajen goge ƙura, a jiƙa tsumma mai laushi kaɗan a goge, kada a fesa ruwa a kan firem, domin yakan gangara ya shiga ta ƙasa ya jiƙa hoton. Ki bar gurbi biyu ko uku a can sama saboda jarirai da jikokin da Allah zai kawo.

Tambaya: Anti, ni gidan haya nake a Kano, kuma mai gidan ya hana huda bango. Akwai yadda zan rataya hotuna a matakala ba tare da na saɓa masa ba? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kyauta da ka riƙe sharaɗin da kuka yi. Akwai maƙalai masu gam da ake sayarwa a manyan kantuna, irin su Command, waɗanda ake manna rabi a bango rabi a bayan firem, a kuma cire su ta hanyar jan harshensu ƙasa a hankali. Nauyin da kowanne ke ɗauka a rubuce yake a jikin fakitinsa, ka auna firem ɗinka, ka kuma tsaya ƙasa da abin da aka rubuta. Suna kama bango mai santsi da fenti mai ƙarfi, amma ba sa zama a kan fenti mai gurza-gurza ko wanda ke barin gari a tafin hannu idan an shafa, kuma zafin Kano na watan Afrilu yana iya sassauta gam. Don haka ka zaɓi ƙananan firem marasa nauyi masu roba a maimakon gilashi, ka fara gwada guda ɗaya na mako biyu a wurin da ko ya faɗo ba zai sami kowa ba. Idan bangon bai karɓa ba, ka koma wurin mai gidan ka nemi izinin ramuka biyu kacal don kafa siririn katako mai ɗan baki a shimfiɗar tsakiya, wanda za ka jingina hotunan a kansa, tare da alkawarin cike ramukan da shafa fenti ranar da za ka tashi, kuma ku rubuta yarjejeniyar a takarda kowa ya riƙe kwafi.