Tsohon rubutun Turanci: gaol, shew da ye

Tambaya: Malam, ina bincike a takardun zamanin En'e, sai nake ta cin karo da gaol da kuma shew. Kuskuren mai buga tafireta ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, ka bar akawun nan ya huta, ba shi da laifi. Gaol ita ce jail, wato gidan yari, kuma furucinsu ɗaya. Kada ka karanta ta kamar goal ta 'yan ƙwallo. Duka biyun daga Faransanci suka shigo, amma kowacce da ƙofarta: gaol ta biyo Faransancin mutanen Normandi, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, jail kuma ta biyo na Paris. Bakin jama'a ya ɗauki na Paris, alƙalamin kotu da na hukuma ya ƙi sakin na Normandi. Shi ya sa ka gan ta a takardun mulkin mallaka. Mu ma ai har yau Bauchi muke rubutawa da ch, alhali ƙa'idar rubutunmu c kaɗai ta sani.

Shew kuwa show ce, nunawa. Ta cika Baibul na Sarki James na 1611, lauyoyi ma sun daɗe suna riƙe da ita.

Tambaya: Malam, mene ne ye da ake rubutawa a allunan shaguna a Ingila, kamar Ye Olde? Daga wata malamar sakandare a Katsina.

Amsa: Malama, the ce kawai. Tsohon Turanci yana da harafi guda, þ, mai ɗauke da sautin th. A rubutun hannu ya riƙa lanƙwashewa har ya yi kama da y. Da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, aka shiga buga littattafai da haruffan ƙarfe irin na ƙasashen Turai, waɗanda yawancinsu ba su da þ, sai masu ɗab'i suka riƙa sa y a gurbinsa ko su rubuta th. Mutanen wancan zamani the suke faɗi. Masu shagunan yau dai ado suke yi don su ja baƙi. Akwai wata ye daban mai ma'anar "ku", kada ki haɗa su.

Tambaya: Me ya kawo b cikin debt tunda ba a furta ta?

Amsa: A nan tsohon rubutun ya fi na yau gaskiya, a ganina. Da can dette ake rubutawa, bashi ke nan, doubt kuma doute. Masanan da Latin ya shiga ransu ne suka cusa b, don a ga asalin kalmar daga debitum yake. Har suka wuce gona da iri: iland, tsibiri, kalma ce ta Turanci tun asali, amma suka zaci 'yar'uwar isle ce, suka liƙa mata s. Garin neman gira aka rasa ido.

Wasu haruffan kuma cire su aka yi. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 musick da publick ya rubuta. Noah Webster na Amurka ya zubar da k ɗin a nasa ƙamus na 1828, ya kuma cire u daga colour. Turawan Ingila ma sun bar k, amma u tana nan a rubutunsu, kuma nasu ne muke koyarwa a makarantunmu.