Ƙanena zai fito daga asibiti: ina zai zauna, wane aiki zai kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Daga Makka nake rubutowa. Ƙanena ɗan shekara 27 ya yi shekara huɗu yana shan kabtagon, ƙwayar nan mai hana barci, daga baya ya haɗa da shabu (wato methamphetamine) da Lyrica, maganin ciwon jijiya da wasu ke sha don maye. Wata guda ke nan yana kwance a asibiti a Jidda, an ce nan da mako biyu za a sallame shi. Mahaifiyarmu so take ya dawo ɗakinsa na da a rufe maganar. Kawunmu kuma ya ce zai ba shi mota ya riƙa jigilar masu Umra zuwa filin jirgi, tunda azumi ya matso. Na ji ana zancen wani gida da masu murmurewa ke zama tare. Igama gare shi, wato takardar izinin zama ta baƙi a Saudiyya. Me ya kamata mu yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.

Wata guda a asibiti jiki ya wanke, ƙwaƙwalwa kam da sauranta. Wanda ya bar kabtagon ko shabu, kwanakin farko barci da ci ne kawai, bayan su sai kasala da ƙuncin zuciya su sauko, abinci ba daɗi, hira ba daɗi, ya ji komai salam. Wannan yakan ɗauki makonni, wani har watanni, kuma a cikinsa ne sha'awar komawa ta fi ƙarfi. Shi ya sa masu nazarin jaraba ke cewa kulawar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma cikin masu jinya kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan yi tuntuɓe. Ranar sallama tsakiyar jinya ce.

Ɗakinsa na da shi ne wurin da ya fi hatsari a gare shi. Ƙwaƙwalwa tana ɗaure ƙwaya da wuri, da lokaci, da mutane: katifar da yake kwana a kai ido biyu, kantin bakin layi inda yake haɗuwa da abokan shansa bayan isha, ƙarar babur ɗin abokinsa. Ba sai ya yi niyyar komai ba, ganin waɗannan kaɗai yakan tayar masa da ƙishirwar. Mahaifiyarku ba ta yi laifi ba da take son ɗanta kusa da ita, uwa ce. Ki gaya mata cikin ladabi cewa ba korarsa za a yi ba, jinyar ce ba ta ƙare ba.

Gidan da kika ji labari akwai shi. Da Larabci manzil muntasafiɗ ɗariƙ ake ce masa, wato gidan tsakiyar hanya, kuma asibitocin Irada, waɗanda a da ake kira Al-Amal, suna da irinsa. Mutum yakan zauna watanni tare da 'yan'uwansa masu murmurewa, da lokacin tashi da na kwanciya, da zaman tattaunawa, da gwajin fitsari, ana sakar masa mara kaɗan-kaɗan har ya fara fita aiki ya dawo ya kwana. Cikin makon nan, tun kafin sallama, ki nemi ganin jami'in kula da zamantakewa na asibitin, akhissa'i ijtima'i. Ki tambaye shi ko ƙanenki ya cika sharaɗin shiga da igamarsa, ko akwai jira, da kuma ranar da zai fara zuwa kulawar bayan sallama. Kada ku fito ba takardar ranar ganin likita a hannu.

Amfanin irin wannan zama an gwada shi. A Amurka akwai tsarin Oxford House da aka fara a 1975, inda masu murmurewa ke kama haya tare, su raba kuɗin gida daidai, su zaɓi shugabanninsu, wanda ya sha kuma ya bar gidan. An bi mutum 150 tsawon shekara biyu: cikin waɗanda suka zauna a irin gidan kusan kashi 31 cikin ɗari ne aka samu suna sha, cikin waɗanda aka bari da kulawar da aka saba kuwa kusan kashi 65. Ba ginin ne ya yi aikin ba. Zama da wanda ya san duk ƙaryar da za ka yi, domin shi ma ya taɓa yin ta, shi ne maganin.

In ba a samu gurbi ba, dangi na iya haɗa abin da ya yi kama da shi. Gidan wani baffa ko yaya a wata unguwa, ko ma a Jidda kusa da asibitin, inda akwai namiji babba mai kwana a gida wanda yaron ke jin nauyinsa. A zauna da shi kafin ya tare a rubuta ƙa'ida, ya sa hannu, kada ta wuce shafi guda. Ya dawo gida kafin ƙarfe goma na dare. Sabon layin waya, a goge tsoffin lambobi a gabansa. Yana da aikinsa a gidan, ko cefane ko wankin banɗaki, don baƙo ba ya warkewa a gidan mutane. Sannan a rubuta tun yanzu abin da za a yi in ya sha, saboda ranar da abin ya faru kowa ransa a ɓace yake, ba a yanke hukuncin kirki. Abu biyu a kiyaye: buɗe gidan jinya ana karɓar 'ya'yan mutane sai da lasisi, kuma ɗaure mutum da mari ko kulle shi a ɗaki da sunan magani zalunci ne kuma laifi ne. Ruƙiyya da addu'a a yi su, amma tare da maganin likita, ba a madadinsa ba.

Gwajin fitsari yana da tarko. Kabtagon da shabu sukan ɓace daga fitsari cikin kwana biyu zuwa huɗu, don haka in ya san kowace Juma'a ake gwaji, ranar Asabar tasa ce. A riƙa yi sau biyu a mako ba tare da sanarwa ba. Hashish, wato wiwi, kuwa yakan kai wata guda yana nunawa ga wanda ya daɗe yana sha, kada a yi masa hukunci a kan tsohon zunubi. Lyrica da tramadol ba sa fitowa a yawancin gwaje-gwajen gama-gari, sai an nemi nasu musamman. Ki gaya wa likita a fili cewa yana shan Lyrica, domin yanke ta farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya, a hankali ake rage ta.

Maganar motar kawu, a yi masa godiya a ce ba yanzu ba. Kabtagon ƙwayar hana barci ce, da dama ta hanyar tuƙin dare da aikin lokacin cunkoson Hajji da Umra suka fara ta. Ki duba abin da tayin ya ƙunsa: goman ƙarshe na Ramadan, sawu uku ko huɗu tsakanin Makka da Jidda, ba barci, shi kaɗai a mota, ga riyal a aljihu kullum, ga direbobi a wurin jiran fasinja da wani cikinsu zai ce ungo rabi ka wartsake. In da gangan aka so mayar da shi ruwa, ba za a tsara abin da ya fi wannan ba. Balle ɗaukar fasinja ba izini laifi ne mai tara, mai igama kuma abin na iya taɓa zamansa a ƙasar.

Zaman banza ma guba ne, don haka aiki dole ne, sai dai a zaɓa. Na rana, mai lokacin shiga da na tashi, a ƙarƙashin idon mutum guda da ya san halin da ake ciki, ba dukan ma'aikata ba. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kafinta, gidan burodi in aikin safe ne, ɗinki, ajiyar kaya. A fara da awa huɗu a wata na farko, a ƙara in barcinsa ya daidaita. A guji kantin magani, da wurin da zai riƙe kuɗin ciniki shi kaɗai. Ta fuskar doka, mai igama ba ya aiki sai wurin wanda igamarsa ke ƙarƙashinsa, wanda kuma yake kan igamar mahaifinsa sai an mayar da ita ga mai ɗaukarsa aiki, a yi kwantiragi ta Qiwa, manhajar gwamnati ta harkar ƙwadago.

Ranar albashi ita ce rana mafi hatsari a wata. Ku yi yarjejeniya da yardarsa: katin banki yana hannunki wata uku na farko, ana ba shi na abinci da mota kullum, kamar riyal 20 zuwa 30, sauran a biya bashi a tara. Bashin dillalai kuwa kada ya je biya da kansa, kada ma ya ɗaga wayarsu.

In kika ga ya kwana biyu ba barci, ya daina cin abinci, yana cije haƙora, yana zargin ana bin sa ko ana leƙen wayarsa, to ya koma. Kada ki tsaya musu da shi a wannan hali, musamman in shabu ne. In yana barazana ga kansa ko wani, ko ya faɗi, a kira 911 ko motar asibiti a 997. Jikinsa ya riga ya manta adadin da ya saba sha, abin da yake ɗauka a da yanzu yana iya kashe shi. In abin bai kai haka ba, a mayar da shi wurin likitansa a ranar, kada a jira mako. Tsoron kamu kada ya hana ku: sashe na 42 na dokar Saudiyya ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce ba a gurfanar da mai sha in shi da kansa, ko iyayensa, ko matarsa, ko danginsa suka kawo shi neman magani, da sharaɗin a miƙa abin da ke hannunsa ko a nuna inda yake. Don shawara kafin ku tashi, akwai 1955 na masu ba da shawara kan jaraba, da 937 na Ma'aikatar Lafiya. Ki rubuta lambobin nan huɗu a takarda ki manna a jikin firij na gidan da zai zauna.